Haruffa Uku a Ƙofar Malam Illiya

Ranar wata Laraba, bayan la'asar sakaliya, na saɓa tsani a kafaɗa, na ɗauki gwangwanin fantir biyu, wato fenti, ja da baƙi, na nufi unguwar Dagmanet. Ba wani babban aiki ba ne. Kalma uku zan rubuta a saman ƙofa, in dawo gida in ci tuwo, in an samu na tuƙawa.

Ni ne Bahago, mai rubuta wa mutanen Agadez sunan shago da lambar kamyo, manyan motocin kaya ke nan. Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, aka koro ni saboda ƙadangaren da na saka wa wani baƙo a aljihu. Ragowar bokon da nake ci da shi, Malam Illiya ne ya ƙarasa mini a zaurensa, kyauta. Tsokana kuwa ban bar ta ba har na haura arba'in. Ni na zana ƙofa a bangon tasha, da kwaɗonta da komai, baƙi suka kwana biyu suna tura ta suna neman ban-ɗaki. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da ke ba ku labari.

Shekarar fari ce, soja ke mulki. Dabbobi sun ƙare a daji, masu su sun taru a bayan gari cikin bukkokin tabarma suna sayar da abin da ya rage musu: sirdin raƙumi, takobi, azurfar mata. Tun farin da ya gabata Malam Illiya ya fara tara irin kayan nan. In ya ji Nasara na taya sirdi, sai ya riga shi, ya ba da hatsin gidansa. Har daji yake shiga da kansa. Ya kwaso tsinin kibiya na dutse daga hamadar Tenere, da ƙoƙunan da ake zuba gishiri a Fachi, da guga da igiya na rijiyoyin da suka ƙafe aka watse aka bar su. Ya cika ɗaki uku. Shi yana ce wa wurin mize, wato gidan tarihi, mutanen gari suna cewa gidan tarkace.

Ya rasu, ƙofar ta shekara a rufe. Sai ga labari wai hukuma za ta karrama shi. Wani kumandan da aka turo mana zai zo ranar Alhamis da safe, ya yaye ƙyalle daga kan sunan marigayin, a buɗe gidan kowa ya shiga ya gani. Seydou, komin da ke rubuce-rubuce a biron kumandan, wato ofishinsa, shi ya kawo mini takardar abin da zan rubuta: MUSÉE FEU ILLIYA. Na tambaye shi me wuta ke yi a tsakiya, don ko ni na san feu wuta ce a Faransanci. Ya yi mini dariyar 'yan boko, ya ce in ta zo gaban sunan mamaci, marigayi take nufi.

Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma ranar Talata na biya gaida Inna Habsatu, matar marigayin, wadda mabuɗin gidan ke hannunta. Ta ga takarda ta ce in karanta mata. Bakina ya riga hankalina. Na gyara murya irin ta mai shela na ce, "Mize, wuta, Illiya."

Na zaci za ta jefe ni da mafici ta yi dariya, kamar yadda ta saba. Ba ta yi ba. Ta aika aka kira maƙwabcinta Garba, tsohon sojan Faransa, ta nuna masa takardar ta tambaye shi. Garba ya ce shekara goma sha biyar ya yi yana jin kalmar nan, wuta ce, kuma duk lokacin da aka faɗe ta sai wani ya faɗi ƙasa. Ta sa ya nuna mata haruffan da yatsa, ɗaya, biyu, uku, har ta riƙe kamanninsu.

Na rantse mata wasa nake. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Ta ce ta san ni tun ina yawo ba wando, rantsuwata da kukan zakara duk ɗaya ne a wurinta. Mijinta ya yi sallah shekara saba'in, ba za a rataya masa wuta a kan suna ba, in kuwa aka rubuta, to ƙofar ba za ta buɗu ba. Ta ɗaure mabuɗin a bakin zaninta, ta juya mini baya.

Na koma wurin Seydou in roƙa a canza kalmar. Ya ce kumandan da hannunsa ya rubuta, harafi ɗaya ya ɓata zan kwana a bariki. Ya ƙara da cewa in suka zo ƙofa tana rufe, za a ɓalle ta, a loda kayan a kamyo zuwa Yamai, dama can akwai masu so. Wato kayan da tsohon nan ya hana iyalinsa hatsi ya tara, za su bar Agadez saboda wasan bakina na minti ɗaya.

Sai na yi abin da na iya, wato dabara. Na ce wa Inna Habsatu na yarda, ba zan rubuta ba. A raina kuwa na shirya in bari sai unguwa ta watse zuwa sallar magariba, in rubuta yadda kumandan ke so, in rufe da ƙyallen biki. Da safe ta buɗe ƙofa tukuna, a yaye ƙyalle daga baya. In ta ga haruffan, fushinta a kaina zai sauka, kuma na saba.

Haka na isa na jingina tsani. Gidan na can ƙarshen lungu, katanga doguwa, ƙofar itace da kwaɗo babba. Na share saman ƙofar, na ja layi da gawayi, na fara da baƙin fantir. MUSÉE a hagu da ni, ILLIYA a ɗaya gefen, na bar fili a tsakiya. Mutane na wucewa suna tsokanata, ina rama wa kowa. Wata tsohuwa ta ce in sauko, ba a tsayawa bakin ƙofa da magariba. Na ce mata ai ba a baki nake ba, a goshi nake.

Rana ta faɗi. Lungun ya yi shiru. A shekarar kirki lokacin nan hayaƙin girki ke cika unguwa, amma ranar ba na jin komai sai warin fantir da na busasshiyar ƙasa. Wata akuya tana kuka a bayan katanga. Ladan ya kira sallah daga nesa. Na ce haruffa uku ne, in gama in bi sahu.

Na buɗe jan gwangwani. Ban yi bismillah ba, na tuna da wannan daga baya.

Na rubuta F. Na rubuta E. Na ja U, na ɗaga mashafin fantir.

Akuyar ta yi shiru a tsakiyar kuka, kamar an toshe mata baki.

Sai na ji ɗumi yana taso mini ta ƙafa. Ba irin na katangar da ta sha rana ba. Irin wanda ke dukan ƙwaurin mutum in ya tsaya kusa da maƙera. Da shi akwai wani wari, na dutsen murhu da aka watsa wa ruwa. Na duba ko'ina ban ga hayaƙi ba.

"Sannu da aiki," in ji wata murya a ƙasa.

Wani dogon mutum ne a gindin tsani, ya ja amawali har ƙarƙashin ido. Bai yi sallama ba. A bayansa mutane ne a jere, tsofaffi da mata, kowa da ƙunshi a ka, layin ya miƙe har inda idona ya gaza. Ban ji shigowarsu ba. Na ɗauka mutanen bayan gari ne masu neman inda ake rabon hatsi, kuma raina dama a ɓace yake. Na ce masa sun yi ɓatan kai, rabo a filin kasuwa ake yi, kuma sai da safe.

Ya ce ba hatsi suke nema ba, masauki suke nema. Rijiyoyinsu sun ƙafe. Shekara da shekaru suna zaune a cikinsu, yanzu ko laima babu. Gugansu da igiyoyinsu suna cikin gidan nan. Sun taɓa zuwa mai gidan yana raye, ya tare ƙofa ya ce musu gidan 'yan Adam ne, suka koma.

"Yau kuma mun ga an rubuta namu ne," ya ce, ya ɗaga yatsa ya nuna jajayen haruffan.

Wallahi abin da na fara ji ba tsoro ba ne, haushi ne. Karo na nawa ke nan ina wannan bayani cikin kwana biyu. Na ce masa, bawan Allah, kalmar nan marigayi take nufi, ba wuta ba, Faransanci ne, komi ne ya gaya mini da bakinsa.

"Kai ka ce wuta," ya ce a hankali. "Jiya, a zauren tsohuwa. Mun ji ka."

Ya dafa tsanin.

Na ji itacen ya yi ƙara ƙas, ƙas, kamar kara a murhu. Inda yatsunsa suka kama ya fara baƙi. Na dubi layin mutanen sosai. Sauran hasken yamma yana bayansu, inuwar katanga tana kwance a ƙasa, inuwar tsanina ma tana nan. Tasu babu. Iskar da ke kansu tana rawa kamar ta hanyar Tenere da azahar.

Matar farko ta sauke ƙunshinta, ta sunkuya, ta bi ta ƙarƙashin ƙofar, wurin da ko ɓera sai ya rage ciki. Ta biyu ta bi ta. Wani tsoho ya bi su.

A ciki wani abu ya motsa. Igiya ce ake ja a ƙasa, suuu, a tsaya, suuu. Guga ya bugi bango. Sirdi ya yi ƙara kamar an hau shi.

Sai ƙauri ya fito ta saman ƙofa, daidai hancina. Ƙaurin fata.

Gidan nan duk fata ne da itace da igiyar kaba, rufinsa azara da tabarma. Mutum uku ne suka shiga ya fara haka. A waje akwai ɗaruruwa. Ba da mugunta suka zo ba, na gane wannan. Zama kawai za su yi, kuma kafin isha'i babu mize, babu abin da ko kamyo zai ɗauka.

Na kai hannu ga baƙin gwangwani da na rataya a tsani. Yana tafasa. Mashafin da ke ciki gashinsa ya narke, sai sanda.

Na tsoma tafin hannuna na hagu.

Ba zan iya kwatanta muku zafin ba, ba zan kuma gwada ba. Na mari F da baƙi, na goga har ya ɓace.

Layin ya tsaya.

"Kada ka yi haka," in ji mutumin. Ba tsawa ya yi ba. Roƙo ne.

Na sake tsomawa. Na shafe E. Matakin da nake kai ya fara lanƙwasa, tafin ƙafata yana ji ta cikin takalmi.

Igiyar da ke ciki ta daina motsi.

Saura U. Hannuna ba ya buɗuwa. Na dunƙule shi haka nan, na tsoma, na miƙa. Tsanin ya karye. Ina faɗowa na kai wa harafin naushi, na ja hannun ƙasa a kansa.

Na faɗi da baya. Numfashi ya ɗauke mini.

Da na buɗe ido, yana sunkuye a kaina. Amawalin ya zame. Babu hanci, babu baki. Ja ne kawai mai zurfi, yana haske yana dushewa, kamar gawayin maƙeri in ana zuga. Gemuna ya fara ƙauri.

A gefena na ga ukun nan suna fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ɗaya bayan ɗaya. Matar farko ta ɗauki ƙunshinta ta aza.

"To ina za mu?" ya ce.

Ku ji halin ɗan Adam. Ina kwance, hannu a soye, mutuwa a kan fuskata, amma amsa ta zo mini har kan harshe, a shirye, mai daɗi. Bariki. Ɗakuna da yawa, ga rijiya mai ruwa, ga kumandan mai son kalmar. Na san in na faɗa za su tafi, don sun riga sun nuna mini maganata suke bi. Na kuma san akwai mata da 'ya'yan soja a can.

Na ciji harshena har na ji gishirin jini.

"Ban sani ba," na ce.

Ya daɗe yana kallona, in abin da yake yi kallo ne. Sannan ya ja amawalinsa sama, ya miƙe. Layin ya juya ba ƙarar sawu, suka nufi arewa, ɗumin yana raguwa a fuskata kaɗan-kaɗan har na ji sanyin ƙasa a bayana. Akuyar ta ƙarasa kukanta daga inda ta tsaya.

Masu dawowa daga masallaci suka tsince ni. Na gaya musu abin da ya faru. Garba tsohon soja ya yi dariya har ya riƙe katanga, ya ce wannan ta fi ta ƙofar tasha. Wani ya ce fitila na kifar a kan fantir. Na ce su nuna mini fitilar. Suka ce na ɓoye ta. Inna Habsatu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dubi shatar yatsu biyar a jikin karyayyen tsanin, ta dubi baƙin dabbaren da ke tsakiyar sunan mijinta, ta gane na yi mata ƙarya, na rubuta sannan na goge. Ta ɗaure mini hannu da tsumma da man shanun da ba ta da na ci.

Da asuba na aro tsani da mashafi da ɗan farin fantir, na rubuta MARIGAYI a kan baƙin da hannun dama. Haruffan suka fito kamar kaza ta taka. Filin na haruffa uku ne, na cusa takwas.

Kumandan ya zo da hantsi, da soja, da masu ganga. Inna Habsatu ta sa Garba ya ɗaga ƙyallen ya leƙa tukuna, ya rantse mata babu wuta, sannan ta kwance mabuɗi. Aka yi jawabi a kan Malam Illiya, aka yi masa addu'a, aka yaye ƙyalle. Kumandan ya karanta, ya sake karantawa, ya tambayi Seydou wane ne ya yi wannan ta'asa. Kowa ya nuna ni, har da waɗanda ba a tambaya ba.

Kwana takwas na yi a bariki ina sauke buhunan taimako da hannu ɗaya. Amma jama'a sun riga sun shiga, an yi hoto, ba wanda ya sake maganar kamyo. Kayan suna nan a Dagmanet. A ɗakin tsakiya akwai igiya uku da suka yi baƙi a wurin kamawa, da sirdi ɗaya da fatarsa ta ƙanƙance. Seydou ya rubuta a ƙarƙashinsu wai zafin rana ne.

Na gaya wa liman, ya ce in daina wasa da sallar magariba, wannan kam gaskiyarsa. Na gaya wa matata Fulera, ta ce in ajiye labarin sai ranar suna, zai yi wa baƙi daɗi. Har yau in na fara, mutane gyara zama suke yi suna murmushi tun ban kai ga tsani ba. Na daina nuna hannun, don shi ma sun ce da gangan na ƙona shi labari ya yi armashi.

Damina ta dawo bayan shekara, rijiyoyi suka kawo ruwa, na ce to, sun koma gida. Amma da bazara ta kama, Inna Habsatu ta aiko a kira ni. Ta nuna mini saman ƙofa da sandarta. Jan yana tasowa ta ƙarƙashin baƙi da fari, haruffa uku, ana iya gane su. Na kankare yaɓen har ga tubali, na yi sabo, na sake rubutawa. Bazara ta gaba suka sake fitowa.

Bana na shafe su karo na shida. Da hantsi nake zuwa yanzu, in yi bismillah tun daga gindin tsani. In kun je ganin kayan Malam Illiya kuka ga wani ja-ja yana leƙowa a tsakiyar sunansa, ku shiga abinku, ku aiko mini. Kada dai wani mai boko a cikinku ya tsaya ya karanta shi da ƙarfi.